Littattafan da Maigidana Ya Bari

A Agege aka haife ni, a nan na yi wayo, a nan aka ɗaura mini aure. Arewa kuwa sai dai in biki ya kai ni ko gaisuwar mutuwa. Fataucin goro ne ya kawo kakana Legas tun lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar goro zuwa Kano, ya samu wuri ya zauna, zuri'a ta yaɗu. Mun taso da Hausa a cikin gida, Yarabanci a bakin titi, buroka a makaranta. Da asuba allo, da safe boko, da yamma Islamiyya. A duk darussan boko lissafi ne nawa, har malaminmu yakan fito da ni gaban allo in warware wa 'yan aji abin da ya gagare su. Ina aji biyu na babbar sakandare aka tsayar da maganar aurena. Ban riƙe kowa a zuciya ba, haka aka yi wa yawancin sa'o'ina a unguwarmu.

Maigidana mutumin Kebbi ne, daga wajen Aliero, inda noman albasa ya zama gado. Dillali ne a kasuwar Mile 12. Wanda bai san harkar ba zai zaci dillali mai kuɗi ne, ganin irin kayan da ke ratsa hannunsa, alhali yawanci ba nasa ba ne. Manomi ko ɗan kasuwa zai loda buhuna a tirela daga Aliero ko Sakkwato, kowane buhu da alamar mai shi, mota ta kwana a hanya ta iso. Dillali ne zai biya direba kuɗin mota, ya sallami 'yan dako, ya sayar wa matan da ke sara su kai Oyingbo da Mushin da sauran kasuwannin gari. Da yawansu bashi suke ɗauka, sai sun sayar su kawo. Shi kuma ya cire la'adarsa ya tura wa mai kaya abin da ya rage. Kowace rana ta Allah mutanen Arewa suna bin sa, shi kuma yana bin mutanen Legas. Duk wannan lissafi a kansa yake, sai kuma littattafan makaranta masu falle 80 da yake cikawa ɗaya bayan ɗaya. Sunaye da ajami, lambobi da boko. In an biya ya ja layi a kai.

Shekarun da muka yi tare ban taɓa buɗe ɗaya daga cikinsu ba. Abin da na sani shi ne yakan dawo bayan isha'i, ya ci tuwo, ya baje littafi a kan tabarma da kalkuleta da tocila, wani lokaci har sha biyun dare. In na ce ya kwanta sai ya ce, "Ki bar ni, haƙƙin mutane ne."

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka kulle Legas saboda korona. An bar motocin abinci suna shigowa, amma kasuwa ba kullum take ci ba, masu saye kuma suna zaune a gida. Albasa ba ta jira. Ya riƙa bayar da kaya bashi fiye da yadda ya saba don kada su ruɓe a hannunsa, matan kuma ba su iya kawo kuɗi a kan lokaci ba. Dama yana fama da hawan jini. Kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah ya yanke jiki ya faɗi a rumfa. Ko magana bai sake yi ba har Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara huɗu, babbar tana shirin shiga sakandare.

A wajen jana'iza an yi sanarwar da aka saba: wanda yake bin marigayi, ko marigayi yake bin sa, ya ga yayansa. Yaya ya taso daga gida ya zauna da mu har bayan arba'in. Masu bin bashi ba su ɓata lokaci ba. Wasu da ƙafarsu suka zo, wasu waya suka yi ta bugowa daga Arewa, kowa da adadin da ya faɗa. Waɗanda ake bi kuwa, waɗanda suka kawo kansu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da Yaya ya haɗa abin da ake nema a wurinmu, ya fi duk abin da marigayi ya bari, har da filin da ya saya a garinsu da niyyar gini. Na ji shi a zaure yana cewa, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai a sayar da fili a wanke shi." Malamin da zai raba gado ya ce ba za a taɓa komai ba sai an gama da bashi, kuma gaskiyarsa, haka shari'a ta ce.

Ni abin da ya hana ni barci ba filin ba ne kaɗai. Na san mijina. Mutumin da yake hana idonsa barci don haƙƙin mutane ba zai tara irin wannan bashi ba. Amma sanina ba hujja ba ne, kuma mace mai takaba ba ta da bakin shiga maganar maza a zaure. Sai na roƙi yaron rumfarsa ya kwaso mini littattafan. Ya kawo su cike da jakar bakko, tare da takardun banki na shaidar biya da aka cusa a tsakanin shafuka, da ƙaramar wayar marigayi.

Na fara da biro da kalkuleta. In na haɗa na mutum ɗaya yau, gobe in sake haɗawa in samu wani adadi dabam, domin cinikinsa a warwatse yake, kaɗan a wannan littafi, kaɗan a wancan. Kaina ya riƙa sarawa. A haka autanmu ya same ni wata ranar Lahadi. Gyaran waya yake yi a Computer Village da ke Ikeja. Ya daɗe a tsaye yana kallona, bai ce komai ba ya tafi. Mako na zagayowa sai ga shi da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, batirinta ko minti talatin ba ya kaiwa.

"Yaya, wannan aikin ba na biro ba ne," in ji shi. "Ki zauna in nuna miki Excel."

Na ce, "Auta, rabona da aji tun kana rarrafe. Me zan gane a nan?"

Ya ce, "Ke da kike koya mana lissafi a tsakar gida? Miƙo hannunki."

Da ya buɗe wannan manhaja ta lissafi, sai na ga shafi fari an yanka shi gida-gida, kamar fangalin albasa da na taɓa gani a garinsu marigayi. Ya sa na buga lambobi biyar, kowace a gidanta, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A gida na shida ya ce in sa alamar daidai, in rubuta SUM, in buɗe baka, in ja linzami a kan lambobin, in rufe. Jimilla ta fito. Bai tsaya nan ba, ya ce in koma in canza lamba ta biyu. Ina canzawa jimillar ta canza da kanta, ban taɓa ta ba. Na daɗe ina kallon wurin. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne darare nawa bawan Allah nan ya yi yana sake haɗa shafi guda tun daga sama saboda an kawo ragowar kuɗin buhu biyu.

Auta ya tsara mini kanun layukan tsaye: kwanan wata, mai kaya, garinsu, buhu nawa, wanda ya saya, farashi, kuɗin mota, la'ada, abin da aka biya, saura. Ya kafa mini doka ɗaya, kowane ciniki layinsa guda, kada in haɗa biyu komai ƙanƙantarsu. Ya koma bakin aikinsa ya bar ni da jakar.

Da yatsa ɗaya na fara, ina neman kowane harafi a kan madannai. In yara sun yi barci in jawo littafi in ɗora a cinya. Wahalar aikin ba a yatsa take ba. Shafukan suna warin albasa, irin warin da yake shigowa da shi gida a jikin rigarsa. Ga tabon man ja a gefen wani shafi, inda ya ci abinci yana rubutu. A tsakiyar lissafin tirela sai in ci karo da ɗan rubutu a gefe: kuɗin makarantar yara, atamfar Sallah, maganin Inna. Akwai inda ya rubuta sunana, da adadin da ya ware na ɗinkin da ban ma san ya shirya yi mini ba. A irin wannan wuri sai in rufe kwamfutar in yi kukana ya ishe ni, in yi alwala, in dawo.

Magana ta fara yawo a gidan haya, wai mai takaba ta samu abin hira, dare ya raba tana gaban allo. Ta kai har kunnen surukata a waya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na aika aka kira mini malamarmu ta Islamiyya, na nuna mata abin da nake yi, na tambaye ta ko na saɓa. Ta duba littattafan, ta duba allon, ta ce, "'Yata, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma an ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Ci gaba, hidimar mijinki kike yi." Daga ranar ban ƙara sauraren kowa ba.

Aikin ya koya mini abubuwa a hanya, kowanne da ranar da ya ba ni wuya. Marigayi yakan rubuta mutum ɗaya da sunansa a nan, da laƙabinsa a can, a wani wurin da sunan ƙauyensu kawai. Shi ya san mutum guda ne, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Sai da na zaunar da yaron rumfa a bakin ƙofa, ni ina ciki, ina karanto masa yana warware mini, na ba kowa suna guda da lamba guda a wani shafi na dabam. Lambobin waya kuma in na buga sai sifirin farko ya ɓace, ashe sai an gaya wa shafin cewa wannan layin rubutu ne ba lissafi ba, ko a fara da ɗan waƙafi na sama. Kwanan wata ma yakan juye, rana ta koma wata, sai da Auta ya gyara tsarin. Ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu da aikin yini guda a ciki, ya koya mini danna Ctrl da S duk bayan layi kaɗan, ya buɗe mini Google Drive ya ce duk dare in jefa kwafi can, ko kwamfutar ta lalace aikina yana nan.

Wayar marigayi ce ta zama shaida ta biyu. Bai taɓa goge alat ba. Duk kuɗin da ya fita daga asusunsa saƙon yana ciki da rana da adadi. Na buɗe musu shafi nasu, na haɗa da takardun bankin da ke cikin littattafai. Da na iya tace shafi, in zaɓi sunan mutum ɗaya sauran duk su ɓuya, na kuma iya SUMIF mai haɗa kuɗin suna guda ko a ina yake, sai lissafin kowa ya fito fili. Abin da na kwashe makonni ina juyawa da biro ya zama aikin ƙiftawar ido.

Mafi yawan masu bin bashi gaskiya suka faɗa, ko kusa da ita. Amma manyan adadi biyu da suka fi tayar wa Yaya da hankali an riga an biya su. Ɗaya ya ce bai ga kuɗin kayan da ya turo cikin azumi ba, ga shi kuwa an tura masa kashi biyu, mako ɗaya tsakani, alat ɗin duka suna nan. Auta ya kai fayil shagon buga takardu aka fitar, na ba Yaya ta hannun yarinyata. Ya kira mutumin ya karanta masa ranakun. Shiru ya yi, can ya ce a yi haƙuri, ya shafa'a. Har yau ban yanke masa hukunci ba. Shi ma a ka yake riƙe nasa lissafin, kuma shekarar ta rikita kowa.

A littafi na ƙarshe na tarar da abin da ya fi komai yi mini nauyi. Wani dattijo manomi ya turo buhu 40, an sayar mako guda kafin rasuwar, ba a ja layi a kai ba. Na duba alat babu, na duba takardun banki babu. Kuma bai zo ba, bai bugo ba, sunansa ba ya cikin waɗanda Yaya ya rubuta. Kuɗin ya fi tumunin takabata nesa ba kusa ba, kuma daga rabon marayuna zai fita.

Layi ɗaya ne a cikin ɗaruruwa. Na riga na iya goge layi, dannawa biyu ne. Yaron rumfa ba ya karanta ajami, Yaya bai taɓa buɗe littattafan ba, Auta bai san kowa a ciki ba. Na kashe kwamfutar na kwanta, idona biyu. Na tuna kuɗin haya da zai cika a watan Janairu, na tuna yarinya da za ta shiga sakandare, na tuna ba ni da sana'ar da ta wuce ƙullin zoɓo da kunun aya. Na kuma tuna wanda yake kwance a maƙabarta, da abin da malama ta faɗa. Na fara wannan aiki ne don in wanke shi, to in na ɓoye wannan, wa na wanke? Bayan sallar asuba na aika a ce wa Yaya ina son magana.

Na ce, "Yaya, akwai wanda bai zo ba, kuma yana bin mu."

Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Amarya, kin san abin da wannan zai rage wa yaran nan?"

Na ce na sani.

A gabana ya buga lambar. Dattijon ya ce ya ji rasuwar tun ranar, kunya ce ta hana shi ɗaga waya ya tambayi marayu kuɗi. Ya ce sai da ya sayar da sansa na huɗa kafin ya samu na taki da iri. Muryarsa tana rawa ya yi ta yi wa marigayi addu'a. Bai yafe ba, kuma ban so ya yafe ba, domin yana da buƙata ya fi mu. Aka biya shi cif.

A watan Disamba na fita takaba. A lokacin albasa ta yi tsadar da kowa a Legas yake maganarta, matan kasuwa sun ɗan farfaɗo. Na buga wa kowace mai bashi takardarta ita kaɗai, rana kaza kin ɗauki buhu kaza, kin kawo kaza, saura kaza. Na sa hijabina na hau danfo, motar hayar Legas, zuwa Mile 12, kasuwar da ta ciyar da ni shekara da shekaru ban taɓa taka ta ba. Yaron rumfa yana gaba ina biye, cikin caɓi da hayaniyar 'yan dako. Yarabancin Agege ya yi mini rana. Nakan durƙusa in gaida mace yadda suke so, in ce ni ce matar Alhaji, in miƙa takarda. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce mijina bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta kwance bakin zaninta ta fara biya nan take. Wasu suka riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, ina ragewa a shafi ina aika musu saura. Wasu sun tashi daga inda aka san su, har yau babu labari. Abin da ya dawo ya fi rabi. An raba gado ba a sayar da filin ba.

Ban yi zaton abin zai wuce nan ba. Yaya ya bar wa yaron rumfa wurin ya ci gaba da dillanci. Da kaka ta zagayo, dattijon nan ya turo kaya, ya kuma ce da sharaɗi: matar marigayi ce za ta riƙe lissafi. Ya gaya wa mutanen ƙauyensu, su ma suka ce haka. Aka yanka mini wani abu a kan kowace mota. Wannan ne kuɗin farko da na taɓa samu da abin da na koya a aji.

Na koma Google Sheets, wani shafin lissafi irin Excel da ke kan intanet, saboda yana buɗewa a waya, kuma ni da yaron muna iya ganin shafi ɗaya, yana kasuwa ina gida. Tsarin da muke bi har yau ke nan. Mota ta iso, ya ɗauki hoton takardar direba ya turo ta WhatsApp. Duk cinikin da ya faɗa ya yi mini saƙon murya. Ina da shafi na asali da dabarun lissafin duk a ciki, kowace mota in kwafe shi in cika. Kuɗin mota na buhu ɗaya gida guda gare shi a sama, in ya canza nan kawai zan taɓa. Na sa duk bashin da ya haura mako biyu ya rine ja da kansa, da safe in duba jajayen in tura masa sunayen da zai bi. Kafin magariba kowane mai kaya ya samu takardarsa a waya, wanda ba ya karatun boko in karanta masa da murya. Aikin da yake kai marigayi tsakar dare, ina gama shi tsakanin la'asar da girkin dare.

Farkon 2023 ne mutane suka san amfanina sosai. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a watannin Janairu da Fabrairu, kasuwar da ta saba da ƙirga kuɗi a hannu ta koma taransifa dare ɗaya. Mace za ta ce ta turo, alat bai shigo ba sai gobe. Wata da asusun ɗanta ta turo, wata ta hannun mai POS, sunan da ya fito ba wanda ya san shi. Ga masu nuna alat na bogi su ɗauki kaya su tafi. Dillalai da yawa sun rasa gane wa ya biya wa bai biya ba. Ni sai na ƙara layi ɗaya, sunan da ya fito a alat, na ce kada buhu ya fita sai an faɗa mini shi. Duk dare in sauke bayanan asusu daga manhajar banki in gwada da shafina. Rumfarmu ba ta yi asarar da maƙwabta suka yi ba, labari ya bazu. Kafin azumin shekarar wasu dillalan albasa da na tumatir sun kawo mini nasu, daga baya har da wani mai sayar da raguna a kasuwar Alaba Rago. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya riƙa tashi kusan kowane lodi, gidan nan guda na sama ya rage mini aiki mai yawa. Janareta kuwa ya fi ƙarfina, na tara na sayi ƙaramar sola mai cajin waya da kwamfuta da kunna ƙwan lantarki biyu.

Kada wani ya ɗauka na'ura tana gyara hali. In yaro ya turo mini ƙarya, ƙaryar za ta fito a shafi tsaf da ita, har ta fi ta littafi kyan gani. Shi ya sa nake neman hoton takarda, ba na tsayawa a kan baki kawai. Akwai dillalin da ya kawo mini aiki, da ya ga masu kaya za su riƙa ganin ainihin farashin da aka sayar, sai ya nemi in riƙa buga takarda biyu, ɗaya tasa ɗaya tasu. Na ce ya nemi wani. Ya janye aikinsa, kuma a watan na ji a jikina, don kuɗin makaranta ya matso. Manomin da ya yi wata huɗu yana ban ruwa a fadama ya cancanci ya san nawa aka sayar da guminsa. Sirrin mutane kuma amana ne: kowane dillali fayil ɗinsa dabam, wani ba ya ganin na wani, masu kaya dubawa kawai suke iya yi ba sa iya canzawa, wayata da kwamfutata duk da makulli.

Sharaɗi ɗaya nake kafa wa duk wanda zan riƙe wa lissafi, kuma a kansa ba na sassauci. Sai ya ba ni mutum ɗaya a gidansa, matarsa ko babban ɗansa ko ƙaninsa, wanda zan nuna wa inda fayil yake da yadda ake buɗe shi. Wasu sukan yi dariya su ce, "Hajiya, fatan mutuwa kike yi mana?" Sai in ce Alhajina ma da ƙafarsa ya fita da safe. Magidanta da yawa a kasuwannin Legas suna yawo da dukiyar mutane a ƙwaƙwalwarsu, iyalinsu ba su san ko sunan mutum ɗaya da ake bi ba. Ni na yi sa'a nawa yana rubutawa, na yi sa'a na iya ajami, na yi sa'a ina da Auta. Na san matan da ba su samu ko ɗaya ba, aka sayar da komai suna kallo.

Yanzu ranar Asabar bayan Islamiyya mata sukan taru a ɗakina. Da wayoyinsu muke farawa, don ba kowa ke da kwamfuta ba. Uwar adashinmu ta daina rigima da mutane a kan wa ya zuba wa bai zuba ba. Mai sayar da atamfa bashi ta san wa za ta bi ranar albashi. Wata na koya mata Word tana buga wa makarantar unguwa takardun jarrabawa da wasiƙun iyaye, na sa mata madannan Hausa don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Masu jin tsoron taɓawa nakan fara nuna musu Ctrl da Z a kwamfutata, su ga duk abin da suka ɓata yana dawowa, sai hannunsu ya saki.

Babbar 'yata ta fi ni sauri yanzu, ita ke shigar da cinikin tumatir in ta dawo makaranta, ina biyan ta kamar yadda zan biya bare. Ni kuma na yanke shawarar rubuta jarrabawar NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi a ƙarshen shekara, domin ina son in karanta aikin akanta yadda ya kamata, in san haraji da sauran abin da manyan 'yan kasuwa ke tambayata ina cewa su dakata. Turanci ne yake ba ni wuya, 'yar tawa ce take yi mini darasi da daddare. Wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, ya kuma roƙa wa maigidana gafara. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.